Tanko Sarkin Kango da Fatalwoyin Ɗakin Haihuwa

Kwana biyar ke nan Ruth, wadda ake kira Maman Favour a layinsu na Tarauni, tana yawo da wata damuwa kamar mai goyon dutse. In ta ɗora tukunya sai ta manta ko ta sa gishiri, ta ƙara, ta sake ƙarawa. In ta zauna ta tashi, in ta tashi ta rasa abin da ya tashe ta. Ba ciwo ba ne, ba kuma rasuwa aka yi ba. Mijinta ne, Tanko. Amma bari a ɗauko zancen daga tushe, don wanda bai san mafari ba ba zai iya ba da shawara ba.

Tushen waya ce. Bara Tanko ya yi ritaya, bayan shekara talatin da biyu yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. 'Yarsu Favour da ke aure a Abuja ta aiko masa da babbar waya, wai don ya riƙa ganin jikansa. Jika dai sau biyu aka gan shi. Abin da Tanko ya tsinta a wayar shi ne wasu Turawa masu shiga tsofaffin asibitoci da gidajen da aka watsar, suna ɗaukar hoton yana da gadaje masu tsatsa, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma. Kwana uku yana kallo. A na huɗu ya fito gindin darbejiyar ƙofar gida, inda maƙwabcinsu Malam Lawan yake wanke adaidaitarsa, ya turo ƙirji gaba.

"Malam Lawan, daga yau ka daina ce min Oga Tanko. Sarkin Kango za ka ce."

"To, ranka ya daɗe. Wa ya naɗa ka?"

"Ni na naɗa kaina. Kango kawai mutanen nan suke shiga, duniya ta san su. A Kano wa ya fi ni zuciya? Ni da saura ƙiris na zama soja, tsayi ne kawai ya hana."

Lawan ya matse tsumma ya ce, "Kai da ɓera ya sa ka hau tebur ranar nan, sai da Maman Favour ta zo da muciya?"

"Gafiya ce, ba ɓera ba! Kuma ba tsoro na ji ba. Dabarar yaƙi ce, soja tudu yake fara kamawa."

A ranar ya haɗa kayan aiki. Ya zare sandar mofar Ruth ya ɗaure waya a kanta da robar tayar keke. Ya aro hular kwano wajen wani ɗan acaɓa da ya bar sana'a, ya ɗaure tocila a goshinta, ya zura takalmin ruwa, ga shi ana tsakiyar bazara, ƙadangare ma neman inuwa yake. Ya buɗe shafi a Fesbuk. Mabiyansa shida ne, biyu daga ciki Favour ce da mijinta.

Kangonsa na farko yana bayan kasuwar Tarauni. Ya tsaya yana bayani cewa shekara arba'in rabon ɗan Adam da wurin, sai ga tifa ta sauke yashi kusan a kan ƙafarsa, magina suka ce ya matsa, gini suke yi. Na biyu wani tsohon gida ne a Gyadi-Gyadi. Ya leƙa da sandarsa ta kan katanga yana cewa, "Dubi yadda komai ya mutu," sai wata tsohuwa ta fito da ludayi a hannu ta ce, "Uwarka ce ta mutu!" Ta bi shi har bakin titi. Ya dawo gida yana haki, ya ce wa Ruth bincike yana tafiya yadda ake so.

Duk wannan bai hana Ruth barci ba. Namiji in ya yi ritaya gara ya yi yawo da ya zauna yana ƙirga mata naman miya. Ita ma tana da nata abin a gaba.

Duk shekara akan yi gasar waƙa tsakanin ƙungiyoyin Zumuntar Mata na coci-cocin yankin. Shekara biyu a jere matan cocin Gyadi-Gyadi, ƙarƙashin wata Maman Stephen, suna cinye kofi, kuma kowa ya san yadda ake yi: kunne suke ajiyewa a bayan tagar cocin su Ruth, su kwashe sabuwar waƙa tun ba ta nuna ba, su riga su rera ta. To bana shugabar su Ruth, Mama Grace, tsohuwar hedimistires 'yar Pankshin, mace mai jiki da murya, ta ce an gama. Ta samo wurin da ba kunnen da zai kai: wani tsohon asibiti mai zaman kansa a Darmanawa, wanda ya yi shekara goma sha biyu a rufe tun da mai shi ya rasu magada suka kasa shiryawa. Maigadin wurin, Baba Haruna, ya yarda su riƙa shiga duk Talata da Alhamis da ƙarfe biyu, su yi gwaji a ɗakin haihuwa, can ƙurya inda babu taga. Mata ashirin da biyu suka ɗaga hannu suka yi alkawari ba mai faɗa wa kowa, ko miji.

"Musamman miji," in ji Mama Grace, tana kallon Ruth.

Ruth ta sunkuyar da kai. Kowa ya san sirri a bakin Tanko ruwa ne a kwando. Ga shi bana, bayan shekara goma sha ɗaya tana layin baya tana amshi, ita aka zaɓa ta ba da waƙa. Ita ce a gaba. Ranar da aka faɗa mata sai da ta shiga banɗaki ta yi kuka don daɗi.

Ana haka, ran wata Lahadi suna cin tuwo, Tanko ya lashe yatsa ya ce, "Maman Favour, na gano inda zan yi suna. Akwai wani mataccen asibiti a Darmanawa."

Loma ta tsaya wa Ruth a maƙogwaro. Sai da ya buga mata baya.

"Kin gani? Sunan kawai kika ji kika ƙware. Ni kuwa har ɗakin gawa zan shiga, kai tsaye, duniya tana kallo."

Gaba kura baya sayaki. In ta faɗa masa gaskiya, kafin magariba Maman Stephen ta ji. In ta faɗa wa Mama Grace, za a ce ita ta yi masa kwatance, in ba haka ba duk kangon Kano me ya kai shi wannan? Sai ta shiga dabara. Ta ce akwai macizai. Ya ce dama abin da masu kallo suke so ke nan. Ta ɓoye cajar waya a cikin buhun garin kwaki. Ya aro ta Lawan. Ta ce ta yi mummunan mafarki ta gan shi an turo shi a gadon asibiti. Ya ce mafarkin mace juyawa yake, mota zai saya. Da ta ga ba ci, sai ta lallaɓa shi ya sa ranar Asabar, wai ranar ce mutane suke gida su kalla. Ya yarda. Ta yi ajiyar zuciya, har ta ƙara masa nama.

Abin da ba ta sani ba, Tanko ya je ya zauna wajen mai gyaran faci a Darmanawa, aka ba shi labari cewa duk Talata da Alhamis, rana tsaka, ana jin muryoyin mata suna fitowa daga asibitin nan, da wani bugu dum, dum, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Aka ce matan da suka rasu wajen haihuwa ne.

Ranar Alhamis Ruth ta naɗe fararen kayanta a leda, don ranar ce za su gwada waƙa da ankon gasa, fari fat daga ɗankwali har zane, shi ma sirri ne. Ta ce, "Baban Favour, zan leƙa kasuwa."

"A dawo lafiya. Ni ma aski zan je."

Ta dubi kansa, wanda rabonsa da gashi tun Favour tana firamare. Ta dai wuce abinta, don mai ƙarya ba ya bincikar ɗan'uwansa.

Abin da ya biyo baya duk Tarauni ta gani a waya, Ruth kanta ta kalla sau bakwai. Lawan ne ya sauke shi a bakin asibitin.

"Sarkin Kango, ga ƙofa can a buɗe. Maigadin ya tafi masallaci. Jira shi ka yi sallama ka shiga kamar mutum."

"Ka taɓa ganin mai bincike ya bi ƙofa? Ƙofa ta masu ziyara ce."

"To ni zan je sallah. In ka mutu wa zan faɗa wa?"

"Ka faɗa wa duniya."

Ya kunna bidiyo kai tsaye, ya zagaya baya, ya taka bulo ya haye katanga. Hawan lafiya. Wajen sauka ne waya mai ƙaya ta kama bayan wandonsa, ta riƙe shi yana reto na ɗan lokaci, sannan wandon ya ce ɓarrr, Sarkin Kango ya faɗa tsakiyar kuɓewar da Baba Haruna yake ban-ruwa tun wata biyu. Ya tashi da ganye a hular kwano, jan gajeren wandonsa yana leƙe ta baya.

"Masu kallo, kun ga yadda daji ya cinye wurin," in ji shi cikin raɗa.

Bai rufe baki ba wani ƙaton talotalo ya fito daga bayan tanki, ya baza wutsiya, ya hango jan abu. Sau uku suka zagaya rijiya. Tanko yana gudu yana cewa, "Tsuntsun mayu ne! Kun ga wuyansa? Ba a Kano aka haife shi ba!" Masu kallo suka tashi daga shida zuwa arba'in. Ya faɗa cikin ginin ta wata ƙofa da ta karye, ya yi tuntuɓe da kwanon dusa ya kife shi. Mai dusar, wani rago mai ƙaho kamar kan keke, ya ɗago ya dube shi. Bai ce komai ba. Ya dai biyo shi a hankali.

Gaskiya cikin asibitin abin kallo ne. Dogon baranda, fenti yana ɓarewa kamar fatar maciji, kalandar shekarun baya tana nan a bango, ƙarafan rataya ruwa a jingine a kusurwa kamar masu jiran layi. Hasken rana yana zubowa ta inda rufi ya ɓule. Da wani ne da ya samu hotuna masu kyau. Tanko kuwa ya ɗauko wani ƙashi ya ɗaga.

"Ƙashin mutum! Daga ganinsa na cinya ne."

Wani mai kallo ya rubuto: "Oga, wannan ƙafar saniya ce, har da sauran yaji."

Ya ƙara gaba, ya ga ja-ja a ƙasa. Ya dangwala da yatsa, ya shinshina.

"Sabon jini. Ikon Allah, jinin fatalwa har da ƙamshin citta da kanumfari."

Zoɓon Ruth ne, wanda ya tsiyaya daga kular da ta shigo da ita. Da safen nan ya sha kofi biyu.

Masu kallo suka kai ɗari tara. A bakin wata ƙofa mai ganye biyu ya tarar da takalman mata a jere, ƙafa ashirin da biyu, don tabarmi aka shimfiɗa a ciki. Ya haska su da tocilar goshi.

"Takalman mamatan ke nan. Kai, har da irin na Maman Favour, wanda na sayo mata a Kirsimeti. Har ɗinkin da aka yi wa maɗaurin iri ɗaya. Ashe matattu ma sun san kaya mai kyau."

Nan fa aka buga tulun kiɗa. Dum. Dum. Caki ya ɗauka. Wata murya ta tashi ita kaɗai, siririya, tana hawa kamar hayaƙin turare:

"Mai riƙe da ni ba ya gyangyaɗi,
ko na yi tuntuɓe ba na kai ƙasa."

Mata ashirin da ɗaya suka amsa, ginin ya ɗauka gaba ɗaya.

Tanko ya daskare. Sai ya manna wayar a tsagar ƙofa, ya riƙe ta nan, baiti na ɗaya, amshi, baiti na biyu, amshi, har na uku. Waƙar da aka yi wata biyu ana ɓoyo kamar kuɗin adashe ta fita duniya tsaf, ba ko tari. Ya juyo da wayar fuskarsa, idonsa ya yi rau-rau.

"Jama'a, wannan muryar ba ta ɗan Adam ba ce. Shekarata hamsin da tara, ban taɓa jin mace ta yi waƙa haka ba. Wanda ya auri wannan matar lokacin da take da rai ya more."

Shekara ashirin da bakwai ke nan tana yi masa waƙa a kicin, yana cewa ta rage murya yana jin labarai.

Murya ba ta ishe shi ba, sai ya ga fuska. Akwai gilashi a saman ƙofar. Ya jawo wani tsohon gadon tura marasa lafiya, mai taya huɗu, ya kafa shi a jikin ƙofa, ya hau ya miƙe tsaye. Masu kallo, sun kai dubu uku yanzu, suka fara rubutowa kamar ruwan sama: "Duba bayanka!" "Oga, bayanka!" "Baba, don Allah ka waiwaya!" Wannan na ƙarshen Favour ce daga Abuja.

Tanko ya yi murmushi. "Masu hassada suna so su tsorata ni. Sarkin Kango ba ya waiwaye."

Ragon ya ja da baya taku bakwai. Ya saita.

A cikin ɗakin, Ruth ta lumshe ido, ta ɗaga hannu, ta kai daidai "ba na kai ƙasa," sai ƙofa ta wage gam! Ga mutum tsaye a kan gado yana tahowa da gudu, hular kwano a kai, tocila a goshi, sandar mofa a sama kamar mai jan rundunar yaƙi. Mata suka watse. Gadon ya ratsa tsakiyarsu ya daki bango. Mutumin ya tashi sama, ya sauko, ƙafarsa ta dama ta shige cikin babban tulun kiɗa har gwiwa, sauran jikinsa ya baje a tabarma.

Ya buɗe ido. Farare sun kewaye shi, fari fat daga sama har ƙasa. Babbar cikinsu ta sunkuyo. Mama Grace ce, wadda ƙurajen zafi suka sa ta bulbule fuska da wuya da farar hoda.

"Tanko!"

"Wayyo, ta san sunana! Jinin Yesu! Ku yi haƙuri, iyayena, ban zo da sharri ba! Naman Ista da na ce mage ce ta ci, ni ne! Soja ko ƙofar bariki ban taɓa zuwa ba! Gafiyar nan ma ɓera ne, ɗan ƙarami!"

Ruth ta matso. "Baban Favour."

Ya dube ta. Ya dubi farin ɗankwalin. Ya fashe da kuka.

"Maman Favour! Yaushe kika mutu? Da safe fa kika ce min kasuwa za ki!"

"Kai ma aski ka ce min."

Mama Grace ta tsinci sandar mofa, ta ɗaga tabarau ta dubi wayar, ta ga fuskarta a ciki da hoda, ta ga rubutu yana gudu. Ta karanta ɗaya a fili, a hankali, kamar mai kiran sunayen ɗalibai: "Maman Stephen ta ce, sannunku da ƙoƙari, a ɗan maimaita baiti na biyu, ba mu gama rubutawa ba. Farin ma ya yi muku kyau."

Ragon kawai ake ji a baranda yana tauna kalanda.

Ƙafa kuma ta ƙi fita. Aka ja, Tanko ya yi ihu. Aka murɗa, ya kira sunan kakarsa ta Kagoro.

"A fasa tulun!" in ji shi.

Mama Grace ta dafa ƙirji. "Wane tulun? Wannan da na ɗauko a cinyata daga Pankshin? Gasa shida ya buga. Kai ƙafa biyu gare ka, mu tulu ɗaya gare mu."

"To a yi yaya, Mama?"

"Ai asibiti muke. A duba ko an bar zarto."

Dole aka ɗora shi a kan gadon da ya kawo shi, da tulun da komai, mata huɗu suka turo shi waje. Mafarkin da Ruth ta ƙirƙira ya tabbata. A tsakar gidan kuwa ba masaka tsinke. An idar da sallah, Lawan ya nuna wa mutum ɗaya waya, mutum ɗaya ya nuna wa goma. 'Yan adaidaita, masu faci, matan unguwa a kan katanga, kowa da waya a sama.

Lawan ya cire hula ya ce, "Jama'a, a yi masa barka! Shekara goma sha biyu, yau asibitin nan ya sallami mara lafiya. Ranka ya daɗe, me aka samu? Mace ko namiji?"

Wani daga baya ya ce, "Tulu aka haifa!"

Baba Haruna bai yi dariya ba. Ya tsaya a kan lambunsa yana kallon ɓarna. Sai ya durƙusa ya tsince kuɓewar da aka tattake, ya kirɓa ta a turmi, ya dama da ruwa, ya zo ya tuttula yauƙin cikin tulun.

"Tunda ka kashe min ita, bari ta yi aikin lada. Ku ja."

Lawan ya riƙe hammata, Mama Grace ta rungume tulunta. Ɗaya, biyu, sai sulluɓ! Ƙafa ta fito tsirara tana yauƙi, Tanko da Lawan suka zube tare. Takalmin ruwan kuwa ya zauna a ciki, har yau yana nan, in an buga tulun sai ya yi kamar mai mura. Tanko ya tashi da ƙafa ɗaya, ya dafe bayan wandonsa da hular kwano, ya dubi taron ya ce, "Kamar yadda kuka gani, bincikena ya tabbatar babu fatalwa a Darmanawa." Talotalon nan ya ji muryarsa. Da targaɗen da komai, sai da Tanko ya riga Lawan shiga adaidaita.

Ranar Lahadi matan Gyadi-Gyadi suka rera waƙar a cocinsu, cikin fararen kaya, har da ƙarin baiti na huɗu a kan tulu.

Aka kira taron gaggawa. Ruth ta je tana jiran a karɓe waƙa daga hannunta. Mama Grace ta ce a'a, bidiyon ya wanke ta, don mutumin da bai gane takalmin matarsa ba, bai gane zoɓonta ba, bai gane muryarta ba, ba a ce an faɗa masa komai ba. Za a yi sabuwar waƙa, saura mako uku gasa, Ruth ce dai a gaba. An kuma samu sabon wuri, wani tsohon gidan burodi a Babban Giji da aka daina aiki da shi, Talata da Alhamis kamar da. Aka sake ɗaga hannu.

"Amma ki ji da kyau, Maman Favour," in ji Mama Grace. "In ya ji daga bakinki, kin koma layin baya. In kuma na ga ko inuwar hular kwanon nan, ko da ba ke kika faɗa ba, kin koma layin baya har Yesu ya dawo."

Ruth ta ce ba komai, ai ƙafarsa a ɗaure take. Sun yi gwaji uku lafiya lau. Sabuwar waƙar ma ta fi ta farko. A gida kuma wani abu ya canja: in tana waƙa a kicin, sai ta ji an rage rediyo. Ba ya cewa komai, amma yana ragewa. Wannan ne ma ya sa ta kasa yi masa fushin da ya kamata.

To kwana biyar da suka wuce, tana shafa masa man zafi, sai ya juyo mata da waya. Mabiya dubu tara da ɗari biyu.

"Kin gani? Duniya tana jira na. Wancan karon kuskuren masu ba ni labari ne. Amma yanzu na samu na gaske, kuma wannan ba mata ba ne, don Mama Grace da bakinta ta ce min kun koma yi a coci. Wani mataccen gidan burodi ne a Babban Giji. An ce ana jin wani bugu daga cikin tanda, kamar mai mura."

Ruth ta matse ƙafar har sai da ya yi ƙara.

"Yaushe za ka?"

"A'a! Wannan karon ko ke ba zan faɗa wa ba. Na koyi riƙe sirri."

Jiya ta gan shi yana gwada tafiya a tsakar gida ba sanda. Yau da safe ya sayo sabon takalmin ruwa, Lawan kuma ya cika tanki yana ta dariya shi kaɗai. Cajar tana cikin garin kwaki, an aro wata. Wando duk ta jiƙa su a baho, ya ce zai sa na coci.

To jama'a, ku da kuka fi ta karatu da sanin duniya, ku ba ta shawara. Ta faɗa masa, Gyadi-Gyadi ta ji kafin ya gama sa takalmi? Ta yi shiru, ya faɗo musu ta bututun hayaƙi? Ko ta je ta roƙi Baba Haruna aron ragon nan ta ɗaure a ƙofar gida? Shekara goma sha ɗaya ta yi a layin baya, ba ta son komawa. Don Allah wanda yake da dabara ya yi sauri, Talata jibi ce.